A bar kafintoci su shiga kafin katafila

Abin da aka yi wa wani tsohon bene na unguwarmu a Abuja a makon jiya ɓarna ce tsagwaronta. Mai gida yana da ikon rushe gininsa ya sabunta, amma babu hujjar da za ta sa katafila ta bi ta kan ƙofofin katakon maɗaci da tagogin ƙarfe da kwanon rufi mai kauri, irin wanda yanzu sai ka sha yawo a kasuwar Dei-Dei kafin ka samu, sannan tifa ta kwashe komai ta juye a bakin rafi. Na ga wani dattijon kafinta a tsaye yana roƙon a ba shi wuni guda ya kwance ƙofofin, aka ce masa babu lokaci.

A garin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuma talaka ya koma Nyanya da Mararaba da Suleja saboda tsadar haya, kayan tsohon gini dukiya ne. Katako yana komawa rufi, bulon da bai fashe ba yana komawa katanga, baraguzai kuma su zama ciko a ƙarƙashin daɓe. Duk bulon da aka sake amfani da shi ya rage simintin da za a ƙona a masana'antar Obajana da yashin da za a haƙo daga rafi. Iyayenmu sun san wannan, domin idan bangon ƙasa ya faɗi, ƙasar ake sake kwaɓawa, azarar ma a mayar da ita rufi.

Masu cewa tsohon kaya ba shi da ƙwari, ai aikin injiniya ne ya duba ya tantance, kuma babu mai hankalin da ya ce a zuba lanƙwasasshen rodi a ginshiƙin bene. Masu cewa kasuwannin panteka, inda ake sayar da tsofaffin kaya, matattarar kayan sata ne, a yi wa dillalai rajista, a riƙa tambayar inda kaya suka fito. Bai kamata laifin ɓarayin murfin kwalbati ya shafi mai sana'ar halal ba.

Ina kira ga masu zanen gidaje su riƙa leƙa panteka kafin su ɗauki alƙalami, su auna ƙofa da tagar da suka samu, su zana ɗaki daidai da su. Kuma don Allah su rage lulluɓe gidaje da gilashi, domin a zafin watan Maris na Abuja, da an ɗauke wuta ɗakin ba ya zaunuwa.