Me ya hana 'yan Hamster shiga Hive?

Duk sanda 'yan kirifto suka fara ƙorafin cewa jama'a sun ƙi shiga dandalin sada zumunta irin su Hive da Steemit, masu biyan mutum ladan kirifto a kan rubutunsa, sai ka ji an ɗora laifin a kan jahilci ko lalaci. Ni ban yarda ba. A 2024 kowa ya ga yadda manhajar wasan Hamster Kombat ta mamaye Arewa, mai shayi da ɗan adaidaita da matan aure duk ana dangwalar waya ana jiran ranar da za ta fashe. Kafin ita ga Notcoin, ga Pi da aka yi shekaru ana haƙa. Waɗannan mutanen ba tsoron kirifto suke yi ba. Hamster a cikin Telegram take, aboki ya turo maka, ka danna sau ɗaya, shi ke nan ka shiga.

To je ka buɗe asusu a Hive ka gani. Tun kafin ka yi wa kowa sallama za a miƙo maka makullai har huɗu: na yin rubutu, na taɓa kuɗi, na mallakar asusun, da na saƙon sirri. Kowanne dogon jerin haruffa ne da lambobi wajen 50, babban harafi da ƙarami a cakuɗe, ka kuskure ɗaya ba zai buɗe ba. Sannan a gargaɗe ka kada ka ɗauki hotonsu, kada ka bar su a waya. Don Allah ina mutum zai kai su? Wanda wayar nan ita ce shagonsa, ita ce bankinsa, kuma a garin da ake ƙwacen waya da rana tsaka. A Facebook in ka manta kalmar sirri lamba za a turo maka ta layinka, minti biyu ka koma ciki. A Hive kuwa in makullan suka ɓata babu ofishin da za ka je, babu wanda za ka kira, asusun da abin da ke cikinsa sun tafi. Masu abin suna kiran wannan 'yanci. Ga sabon shiga kuwa gadi ne aka ba shi ba albashi.

A ce ka tsallake wannan. Sabon asusu ba shi da ƙarfi, domin kowane rubutu ko tsokaci yana cin wani kaso da ake lissafawa gwargwadon jarinka a dandalin. Ka yi 'yan tsokaci kaɗan sai a ce ka jira ya sake cika. Ladan rubutu kuma sai bayan kwana 7, kuma nauyin ƙuri'ar da aka jefa maka ya danganta da kuɗin mai jefawar. Ka kwana kana rubutu mai ma'ana ka tashi da abin da bai isa sayen data ba, wani mai uwa a gindin murhu ya saka hoton abincinsa ya kwashi daloli. Wani ɓangare na ladan ma a kulle yake, sai ka yi mako 13 kana warware shi.

Mayar da shi naira wani aikin ne daban. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sai kuma kasuwar kirifto ta Binance ta daina harkar naira a Maris 2024. Yawancin mutane ta hannun wani baƙo suke sayarwa, suna addu'ar kada a damfare su.

Amma abin da na fi ganin shi ne matsalar, ka shiga ka tarar ba naka a ciki. 'Yan uwanka suna WhatsApp, muhawarar malamai da ta siyasa tana Facebook, barkwanci yana TikTok. Rubutun Hausa a Hive sai ka tona. Tsokacin da za ka samu ma rabinsa na neman ƙuri'a ne, "rubutu ya yi kyau, a leƙa nawa". Inda kowace gaisuwa take da farashi, hira ba ta daɗi.

Batun da masu abin ke yi cewa "ba mai iko da dandalin" ma a yi hattara da shi. A Fabrairun 2020 wani attajirin kirifto mai suna Justin Sun ya sayi kamfanin Steemit, rigima ta ɓarke kan wa ke juya akalar, har jama'ar suka ɓalle suka kafa Hive a Maris na shekarar.

Ga kuma tabon Satumbar 2024, lokacin da Hamster ta fashe da yawa suka ga abin da aka ba su bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Yanzu duk wanda ka gayyata tambaya biyu zai yi maka, nawa ake samu, kuma yaushe za a cire. In ka faɗa masa gaskiya, sai ya ce bari ya yi shawara.