Wai wazifarmu ce ƙungiyar asiri?

Maƙwabcina dattijo ne Bature, ɗan cocin Baftis, mutumin kirki da ke yanke min ciyawar ƙofar gida duk lokacin da na yi tafiya. Wata Juma'a bayan la'asar mun taru a garejina nan bayan garin Dalas, mu 'yan Kano da Damagaram da wasu 'yan'uwa mutanen Senegal, muna wazifa. Ƙofa a buɗe saboda zafin Teksas. Ya hango farin ƙyalle a shimfiɗe, maza sun kewaye shi, murya ɗaya. Washegari ya tare ni a bakin titi, ya ce shi fa ba da wata manufa ba, amma wannan abin namu ba ƙungiyar asiri ba ce irin ta Wako?

Maganar ta soke ni har zuciya. Abin da mahaifina ya yi har ya koma ga Allah, shi ake haɗawa da Wako? Garin Wako kusan kilomita 150 ne daga nan, kuma mutanen jihar ba su manta ba. David Koresh, shugaban wata ƙungiyar addini, ya killace mabiyansa a wani gida a bayan garin, ya ce shi kaɗai ya san fassarar littafi, ya halatta wa kansa matan mabiyansa. A 1993 jami'an tsaro suka kewaye gidan kwana 51, ƙarshe wuta ta tashi, mutum 76 suka mutu, har da ƙananan yara. Kafin shi an yi Jim Jones, wani mai wa'azi Ba'amurke, wanda ya kwashi jama'arsa zuwa dajin Guyana, ya karɓe musu fasfo, a 1978 ya sa fiye da mutum 900 suka sha guba.

Bayan 'yan makonni dattijon ya gayyace ni bikin baftismar jikarsa. Na je don haƙƙin maƙwabtaka, na zauna a kujerar baya. Bayan mumbarin akwai wani kwarmin ruwa da aka gina da gilashi a gabansa, don kowa ya gani. Fasto ya shiga har ƙugu. Yarinyar, 'yar shekara goma sha biyu, ta sauko cikin farar riga, ya tambaye ta ko ta ba da gaskiya, ta amsa da bakinta. Ya dafe mata hanci da hankici, ya kwantar da ita ta baya har ruwa ya rufe ta, ya ɗago ta. Coci ya ɗauki tafi, kakarta tana share hawaye. Su ba sa yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi wayon zaɓa da kansa, kuma yayyafi bai wadatar ba. Daga nan aka zagaya da faranti ɗauke da ƙananan kofuna na ruwan inabi marar sa maye da gutsuren burodi. Aka tashi aka cika tebura da soyayyen kaji da dankali.

Baƙon da bai san komai ba, ya ga an danna yarinya cikin ruwa ana tafi, me zai ce? Ni ban ce musu 'yan asiri ba, domin na ga abin da ya raba su da Koresh. Kowane coci cin gashin kansa yake yi. Jama'a ke ɗaukar fasto da ƙuri'a, su ke sallamarsa, kuma ana karanta musu lissafin kuɗi a fili. Wanda ya gaji ya koma cocin da ke tsallaken titi, ba mai bin sa. Tun asalinsu a 1609 a Amsterdam, abin da suka riƙe shi ne kada sarki ya tilasta wa kowa addini. Suna da tabonsu: babbar ƙungiyarsu ta jihohin kudu na ƙasar Amurka an kafa ta ne a 1845 don kare masu bayi, sai a 1995 ta nemi gafara. Amma Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, shi ma faston Baftis ne.

To in da wannan ma'auni za a auna, wazifarmu fa? Wanda ya ga dama ya zo, wanda aiki ya riƙe shi ba a tambayarsa dalili. Muƙaddaminmu direban babbar mota ne, in ya yi kuskure a karatu na kusa da shi ya gyara masa. Ba wanda aka raba da uwarsa, ba wanda aka karɓe wa albashi. Ana sallame magariba kowa ya kama hanyar gidansa.

Ga abin da nake gani, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙasar nan ce ke haifar da irin waɗannan ƙungiyoyi, domin mutane a warwatse suke. Yaro ya kai shekara 18 ya bar gida, tsoho ya mutu a ɗaki sai wari ya tona. Wanda ba shi da kowa, duk wanda ya kira shi ɗan'uwa ya saye shi. A gida kuwa, ka fara baƙon karatu yau, gobe kawunka ya aiko a kira ka, gwaggo ta zo ta zauna a ɗakin matarka, limamin unguwa ya ji labari kafin isha'i. Za a ce min Maitatsine fa? Gaskiya ne, a Disambar 1980 dubban rayuka sun salwanta a Kano. Amma su wa Muhammadu Marwa ya tara a 'Yan Awaki? Yawancinsu gardawa ne da 'yan cirani, samarin da suka baro iyayensu a ƙauye, ba mai sa musu ido a birni. Shi ma marasa kowa ya farauta.

Wannan ne ke hana ni barci. Ɗana shekararsa goma sha huɗu. Ba shi da kawu a nan, ba shi da gwaggo, ba wanda zai gan shi a hanya ya ce "kai, ɗan wane, ina za ka?" Yana shiga ɗaki ya rufe ƙofa da wayarsa, ban san wa ke masa wa'azi a ciki ba. Garejin nan shi ne kaɗai wurin da yake ganin manya goma sun san sunansa, suna tambayarsa karatu, suna masa faɗa in ya miƙa hannun hagu. Na riga na gaya wa mahaifiyarsa, hutun bazara mai zuwa a Kano zai yi shi, a gidan yayana, ko da kuɗin jirgin zai cinye abin da muka tara.