Takobin azurfa da hatimin da ya ƙi zama

Daren jiya mun kusa awa guda muna gardama a teburin Pathfinder, wasan nan da kowa ke shiga rigar wani jarumi ana jefa ɗan ludo mai fuska 20. Har yanzu ina kan bakana: dokar da ta ce ingancin ƙarfe ne ke yanke irin sihirin da makami zai ɗauka, doka ce mai kyau.

A bugu na biyu da kamfanin Paizo ya fitar a 2019, an kasa azurfa aji uku. Ƙaramin aji yana ɗaukar hatimin sihiri, wato alamar da ake zana wa makami don ƙara masa ƙarfi, zuwa mataki na 8 (da mataki ake auna ƙarfin jarumi da na kaya a wasan), matsakaici zuwa na 15, babban aji kuwa ba shi da iyaka.

Wani abokinmu ya sayi takobin azurfa ƙaramin aji tun yana mataki na 2, a kan sulallan zinariya 40 da 'yan kai. Da shi ya kashe shaiɗanin farko da muka gamu da shi, har suna ya raɗa masa. Jiya muka kai mataki na 10, ya samu hatimin +2, sai mai jan ragamar wasan ya buɗe littafi ya ce takobin ba zai ɗauka ba, don hatimin ya wuce mataki na 8. Matsakaicin aji kuma ya haura sulalla 880. Bawan Allah ya ajiye fensirinsa, ya yi shiru yana kallon takardarsa. Wallahi na ji masa.

Amma fa wannan zafin shi ke sa takobi ya zama takobi. Yanzu dole ya nemo tatacciyar azurfa, ya nemo maƙerin da ya isa, labarin dare biyu ke nan ya faɗo mana. A wani wasa irinsa, Dungeons & Dragons na 2003, ma sai makami ya zama ƙirar gwani, ka ƙara sulalla 300, kafin a sa masa sihiri. Bugunsa na 2014 ya jefar da wannan sharaɗi, kuma ina ganin an yi asara.

Inda dokar Pathfinder ta gaza shi ne takobin baƙin ƙarfe na kasuwa, mai arha, yana ɗaukar hatimin +3 na mataki na 16 ba tare da ko tambaya ba. To don me wanda ya zaɓi azurfa kaɗai zai sha wuya? Ni dai ran da jan ragama ya zagayo kaina, ƙarfen kasuwa ma a mataki na 8 zai tsaya.