Gida Ya Karkace, Farashi Ya Miƙe

A Amsterdam, babban birnin ƙasar Holland, duk aibin da tsohon gida yake da shi akwai kuɗinsa, kuma mai saye ne ke biya. Bango ya karkace, a ƙara farashi. Daɓe yana kuka in an taka, a ƙara. Dillalan garin sun tattara duk waɗannan sun raɗa musu suna tarihi.

Uwargida ce ta ƙyalla ido. Muna zaman lafiyarmu a gidan haya a bayan gari, ga lif, ga wurin ajiye mota, sai ta ga hoton hawa na uku na wani gidan ƙarni na 17 a unguwar Jordaan, tagoginsa suna kallon ruwa. Hawa ɗaya fa, ba gidan duka ba. Manyan gidajen Herengracht da Keizersgracht, waɗanda attajirai suka gina bayan an fara haƙa waɗannan hanyoyin ruwa a 1613, ko a mafarki ban taɓa tayawa ba.

Ni kuwa Bakano ne. A inda na tashi, gidan da ke bakin Jakara shi ake yi wa ragi, in kuma ya tsufa sai a ce ai fili ka saya, a kira masu rusau. Na faɗa wa dillali haka. Ya yi murmushi ya ce tun 2010 hukumar UNESCO ta sa hanyoyin ruwan da ke maƙwabtaka da unguwar cikin kayan tarihin duniya. Ashe har maƙwabtaka da tarihi ma sai an biya.

Ranar duba gida, ina ɗaga kai na ga ginin ya sunkuyo kan titi. Na janyo hannun uwargida baya ina salati. Dillali ya ce in kwantar da hankalina, da gangan magina suka yi shi haka. Ya nuna mini wani katako da ya leƙo daga ƙololuwar ginin, da ƙugiya a bakinsa. Fili a bakin ruwa tsada gare shi, shi ya sa aka yi gidajen sirara masu tsawo, matakalarsu kuma ba ta wuce kaya. Sai a rataya igiya a ƙugiyar a ja kaya sama, sunkuyon ya hana su gogar bango. Na ce na ji wannan, to karkatar da ya yi wajen hagu fa, har ya jingina da gidan maƙwabci? Ya yi gyaran murya ya ce wannan kuma halin gidan ne.

Halin gidan nan shi ya sa na ɗauko injiniya. Yana shiga falo ya ajiye 'yar ƙwallo a ƙasa, ta kama hanya ita kaɗai sai kicin, ko waiwaye babu. Ya ce garin gaba ɗaya a kan laka yake. Magina na dā gumagumai suke kafawa, su buga su kusan mita 12 har su taɓa yashi mai ƙarfi, sannan su ɗora gini. Fadar sarki da ke dandalin Dam ma a kan gumagumai 13,659 take zaune. Muddin itacen yana nutse cikin ruwa ba ya ruɓewa. Ranar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya iska ta taɓa shi, ranar ya fara lalacewa, gida ya fara zama da gefe ɗaya. Na tambaye shi lafiyar namu gumaguman. Ya ce sai an tona, tonon kuma da gyaran duk masu hawa a ginin ne za su haɗa kuɗi. Da zai tafi ya ƙara mini da labarin katangar bakin ruwa ta Grimburgwal da ta rufta a 2020, wai don in san ba mu kaɗai ba ne.

Aka zo ciniki. Na gyara zama na taya ƙasa da abin da aka sa, ina jiran a ce albarka in ɗan ƙara. Dillali ya dube ni da tausayi. Nan babu albarka babu sallama. Kowa zai rubuta tayinsa a ɓoye, kuma daga farashin da aka sa ake farawa a yi sama. Uwargida ta ce, "Maigida, ƙara dai, Allah zai rufa asiri." Na ƙara, ta sake kallona, na sake ƙarawa. Muka ci. Doka ta ba mai saye kwana 3 ya canza shawara bayan sa hannu. Ni na yi su ina lissafin harajin sayen gida na kashi 2 cikin 100 da la'ada da kuɗin lauya, ita ta yi su tana awon labule.

Ranar tarewa aka san ƙugiyar nan ba ado ba ce. Akwai masu injin ɗaga kaya ta taga, amma da na ji kuɗinsu na ce ai al'adar gidan za mu raya. Aka cire taga, abokai biyu a sama, ni a titi riƙe da igiya. Kujeru suka hau lafiya. Da aka zo kan firizar da muke ajiye naman Sallah, tana kai hawa na biyu ta fara juyi, ta ƙi sama ta ƙi ƙasa, ni kuma ƙafafuna suka fara barin ƙasa. Daidai lokacin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya zo wucewa, direban har da rage gudu. Wayoyi suka tashi sama. Wani dattijo mai keke ya tsaya ya kama igiyar tare da ni bai ce uffan ba, firiza ta shige, jirgi ya ɗauki tafi. Hulata ce kawai ta faɗa ruwa, ta bi sahun dubban kekunan da ake tsamowa duk shekara.

Da sanyi ya shigo, iska ta riƙa ratsa tsofaffin tagogin tana kaɗa labulen uwargida. Na ce a sa na zamani masu gilashi biyu. Sai aka ce gidan yana cikin rajistar gine-ginen da doka ta kare, ko firam ba za a canza ba sai da izinin hukumar birni. Bashin nawa ne, sanyin ma nawa, tagar kuma ta al'umma.

Gaskiya ɗaya dai, da yamma in aka kunna fitilun gada hasken ya kwanta a kan ruwa, sai in rasa bakin mita. Abokai ma suna ta cewa darajarsa hawa take yi. Na yarda, sai dai miya har yau a gefe ɗaya na faranti take taruwa.

Na kira Hajiya ta bidiyo in zaga da ita. Ta ce, "Kai ɗan nan, miƙe wayar mana." Na ce, "Hajiya, wayar a miƙe take." Ta yi shiru. Na nuna mata ruwa, na nuna mata matakala tun daga sama har ƙasa, ta dafa gwiwarta mai ciwo. Dama ta sa ranar zuwa ganin jikoki da bazara.

"Ka ce firizar ta taga ta shiga?"

"Ƙwarai, Hajiya."

"To ita igiyar, kilo nawa take ɗauka?"