Daga Gwandu zuwa Biyana: tauraron da littattafanmu suka ƙi rubutawa

Wata Juma'a na ɗauki kawuna a mota daga Birnin Kebbi za mu Gwandu gaisuwar rasuwa. Na kunna wani kiɗan Turawa da na saba ji idan ina tuƙi, irin wanda makaɗa hamsin ko fiye suke haɗuwa su yi da goge manya da ƙanana, da sarewa, da ƙaho, da tambura, mutum ɗaya yana gaba yana yi musu jagora da 'yar sanda. Okestira suke ce masa. Kawu ya yi shiru kamar minti biyar yana jiran a fara waƙa, ba a fara ba. Can sai ya ce, "Kai ɗana, wanga kiɗi wa anka yi ma shi? Ban ji an kira sunan kowa ba."

Tambayar wanda ya tashi da Ɗanƙwairo da Narambaɗa ce. A wurinmu kiɗa yana da ubangida, a kira sunansa, a kira na kakansa, a yi wa abokin gabarsa zambo. Abin da ya ba ni dariya shi ne tambayar ta faɗa daidai. Kiɗan yana da ubangida, sai dai mai kiɗan ne ya kankare sunan da hannunsa.

Simfoni na uku ne na Bethoben, wato dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi, shi kuwa Bajamushe ne mai tsara kiɗa da ya yi zamansa a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ya tsara shi ne don Napoliyon, a lokacin da yake ganin wannan sojan Faransa shi ne zai kawar da mulkin gado, talaka ya sami 'yanci. A watan Mayu na 1804 labari ya iso cewa Napoliyon ya naɗa kansa sarkin sarakuna. Takardar da aka kwafi kiɗan a kanta tana nan a Biyana har yau, kuma wurin da sunan yake an kankare shi da ƙarfi har takardar ta huje. Da aka buga kiɗan a 1806 sai aka rubuta cewa an yi shi ne don tunawa da wani babban mutum, kamar wanda ya riga ya mutu, alhali Napoliyon bai mutu ba sai 1821. Kashi na biyu na kiɗan kuwa dama kiɗan rakiyar gawa ne, a hankali, da wata sarewa mai muryar algaita tana kuka a sama.

A kula da shekarar, 1804. Ita ce shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, ita ce ta yaƙin Tabkin Kwatto. Wanda ya jagoranci rundunar jama'a a ranar, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, tsaran Bethoben ne: an haifi ɗaya wajen 1766, ɗayan 1770, ɗaya ya rasu 1829, ɗayan 1827. Ba su taɓa jin labarin juna ba, amma ciwo ɗaya ya kama su. Kuma a garin da muka nufa ran nan Malam Abdullahi yake kwance.

A cikin Tazyinul Waraƙat, littafin da ya haɗa a 1813 inda ya jera waƙoƙinsa yana ba da labarin dalilin kowace, ya faɗi abin da ba a cika karanta mana ba a wurin taro. Abokansa na farko, malamai da mahaddata, sun ƙare a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa. Ya duba waɗanda suka rage a runduna sai ya ga mafi yawansu sarauta suke nema, da muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado, da dawakin sukuwa a cikin gari ba na fagen fama ba. Wato abin da aka fito yaƙa ya dawo ta ƙofar baya. Kafin a ci Alƙalawa a 1808 sai ya sulale ya bar runduna, ya fuskanci gabas da niyyar ƙasa mai tsarki. A Kano aka tare shi. Ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a, sa'an nan ya juyo gida. Daga baya shi aka danƙa wa yammacin daula, kuma ya riƙe.

Na san Malam Abdullahi ba zai gode mini da wannan haɗi ba. Shi ne fa ya ba da labarin cewa a zamansa na Kano an farfasa kayan kiɗa, aka mai da icen ganguna akurkin abincin dawaki, don haka da tamburan Bethoben sun faɗa hannunsa da doki ya ci dawa a ciki. Na kuma san Bakaben Argungu yana da nasa karatun game da Malam Abdullahi, mutumin da ya ci Birnin Kebbi a 1805. Duk da haka, abin da nake nema a wurinsa ba waliccinsa ba ne. Irin mutumin nake nema: wanda ya yarda da tafiya da zuciya ɗaya, ya zuba mata jini, ya ga tana lalacewa daga ciki, ya faɗa da sunansa a rubuce, kuma bai koma ɓangaren abokan gaba ba. A ganina wannan shi ne tauraron da ya fi kowane amfani gare mu a yau, kuma shi ne ƙagaggun labaranmu suka fi ƙaranci.

Ba sabon mutum ba ne a adabin duniya. Imamu Gazali ya rigaye su duka. A 1095 yana kan kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza, makarantar Nizamiyya, da ɗalibai ɗari uku a gabansa, ya binciki niyyarsa ya tarar suna da girma yake nema. Ya yi wata shida yana kai da kawo har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, likitoci suka ce abin daga zuciya ne. Ya nuna Makka zai tafi alhali Sham ya nufa. Sai a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur. Ya rubuta duk wannan a Almunƙizu minad Dalal, kuma inda ya fi Malam Abdullahi tsanani shi ne yatsansa kansa ya nuna, ba abokan tafiya ba.

Falsafa ta ba mu wani, wanda ni bai gamsar da ni ba. Ibn Ɗufail na Andalus ya ƙirƙiri Hayyu bin Yaƙzan, yaron da barewa ta raina a tsibiri shi kaɗai, ya kai ga sanin Mahalicci da tunaninsa kawai. Da aka kai shi cikin mutane ya yi ƙoƙarin koya musu abin da ya gano, suka juya masa baya. Sai ya ba su haƙuri, ya ce su riƙe abin da suka saba, ya koma tsibirinsa. Labari ne mai daɗi, amma Hayyu yana da tsibirin komawa. Malamin firamare a Zurmi ko ma'aikacin asibiti a Danko Wasagu ba shi da shi. Ya fi kama da mutumin da Ayi Kwei Armah na Gana ya zana a littafinsa na 1968, The Beautyful Ones Are Not Yet Born, ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ko suna ba a ba shi ba. Ya ƙi cin hanci, matarsa tana yi masa gori, abokin karatunsa ya zama minista a gwamnatin Nkrumah yana fantamawa. Da sojoji suka yi juyin mulki a 1966, ministan nan gidan wannan talaka ya gudo, kuma ta ramin masai aka fitar da shi. A shafukan ƙarshe, sabuwar gwamnati ta hau, mutumin yana tsaye yana kallon ɗan sanda yana karɓar na goro a hannun direba.

To mu fa? Littattafan gasar 1933 da aka shirya a Zariya, waɗanda suka zama harsashin zubenmu, sun ba mu jarumi mai takobi a Ganɗoki, da mai wayo a Ruwan Bagaja, da mai haƙuri a Shaihu Umar. Duk cikinsu babu wanda ya zauna ya tuhumi ɓangarensa. Ba na ganin laifinsu, don 'yan makaranta aka rubuta su, a ƙarƙashin idon Bature. Amma shekara casa'in ke nan, har yanzu mafi yawan abin da ake turo mana a WhatsApp mugu baƙi ƙirin ne, nagari fari fat, a ƙarshe mugu ya haukace ko ya yi hatsari. Inda zan cire hula shi ne wurin marubuta mata, tun daga su Balaraba Ramat Yakubu. Su sun daɗe da rubuta macen da ta shiga aure da yarda, ta ga abin da ke ciki, ta faɗa, kuma ba ta ce aure haramun ba ne. Sun yi wa gidan aure abin da maza suka kasa yi wa gidan gwamnati, da jam'iyya, da ƙungiyar addini.

Tarihin rayuwar manyanmu kuwa, kowa ya san yadda ake yi. A ɗauki marubucin haya, a cika littafi da hotunan gaisawa da shugabanni, a kama zaure a Abuja a yi ƙaddamarwa, attajiri ya sayi kwafi ɗaya da miliyoyi. Ka karanta daga bango zuwa bango ba za ka ga ranar da mai littafin ya kasa barci ba. Mutum ya yi kwamishina shekara takwas, ya yi sakataren dindindin, amma bai taɓa sa hannu a takardar da ya yi nadama ba, bai taɓa yin shiru a inda ya kamata ya yi magana ba. Wa ake ruɗa?

Ga kayan rubutu kuwa jibge a ƙofar gidanmu. A watan Oktoba na 1999 jama'a suka yi dafifi a Gusau don ƙaddamar da shari'a, wasu sun kwana a hanya, wasu suna kuka don murna. A cikin taron nan akwai saurayin da ya yarda har zuciyarsa cewa zalunci ya ƙare, ya shiga aikin da hannu biyu, sa'an nan ya ga wa hukunci ya fi hawa kansa, wa kuma yake tsallakewa. Yau ya haura hamsin. Bai bar addininsa ba, bai daina son shari'a ba, amma ya san abin da ya gani. Ina littafinsa? Ga kuma ɗan sa-kai, manomin da ya ɗauki bindigar toka don an kashe ƙaninsa an kore shanun garinsu, ranar kasuwa ya ga abokan tafiyarsa sun kama wani Bafulatanin da ya san ba ruwansa. Ya yi magana a ce ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, ya yi shiru ya kwana da abin. Duk rahotannin da ake bugawa kan matsalar tsaro ba za su shigar da kai cikin ƙirjin wannan mutum ba. Ƙagaggen labari ne kaɗai zai iya, don shi ne yake da damar sauya sunan gari da na mutum ya bar gaskiyar yadda take.

Za a ce mini tonon silili ne, kuma mai ƙorafi daga ciki sau da yawa wanda rabo bai kai gare shi ba ne. Akwai gaskiya a nan. Mun sha ganin ɗan siyasar da bakinsa bai buɗe ba sai da aka sauke shi, washegari kuma ya sauya hula. Shi ya sa ma'aunina ba ƙorafin ba ne, abin da ya biyo bayansa ne. Malam Abdullahi ya yi nasa yana kan ganiyarsa, yana wazirin Shehu, ba bayan an ture shi ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a ba shi ba, ya ji zafi, ya koma Gwandu, amma bai ɗaga tuta a kan ɗan wansa ba, kuma a yaƙin Kalambaina suka daidaita. Bethoben ma sunan kawai ya kankare, bai taɓa kiɗan ba, domin abin da ya sa ya tsara shi bai mutu da amanar Napoliyon ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, mu ne muka mai da shi haka, har ya zama duk wanda ya ce tafiyarmu ta karkace sai a tambaye shi nawa aka biya shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka yi da Malam Abdullahi kansa. Mun sa sunansa a fada da makarantu, muna ziyartar hubbarensa, muna lissafa littattafansa kamar ƙidayar buhuna. Amma ɗalibi zai gama sakandare a jihar Kebbi bai taɓa jin cewa mutumin ya taɓa barin runduna don takaici ba. Tun 1963 aka buga fassarar Tazyinul Waraƙat ta Turanci a Ibadan. Da ni ke tsara manhajar Hausa a Kebbi da Zamfara, da na sa wannan babi ɗaya cikin Hausa mai sauƙi a aji biyar, a karanta shi tare da Shaihu Umar, a tambayi yara wanne cikin mutanen biyu ya fi kama da wanda suka sani a unguwarsu.

Mun kusa shiga Gwandu kashi na biyu na kiɗan ya kama, gogen nan masu kauri suna tafiya kamar masu ɗauke da makara. Na riga na ba kawu labarin takardar da ta huje. Ya saurara har aka kai tsakiya, sa'an nan ya ce in rage sauti, mun kusa gidan makoki, kada a ji mu da kiɗi. Da muka fito bayan la'asar, kafin in tayar da mota ya ce, "Maido muna wancan na ta'aziyyar, ban ƙare jin shi ba."