AMG ɗin Ƙofar Ruwa

Wai yanzu wanda ya sayar da indomin salansarsa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, shi ne zai harɗe a majalisa yana raba wa mutane darajar mota. Ikon Allah. Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Wanda ya tsargu ya zagaya bayan motarsa ya duba ko haruffan nan uku na AMG da ya liƙa wa Marsandinsa suna nan, don gam ba ya jure ranar Kano.

Magana ta iso ni, ba sai an yi ta noƙe-noƙe ba. An ce Lexus ɗina "Camry ce ta sa babbar riga", motar 'yan fansho, wai ko ta gifta ta gabanka ba za ka san ta wuce ba. Aka yi dariya har da tafawa. Masu dariyar ma na san su, wasunsu a kujerar bayan motar 'yan fanshon suka je ɗaurin aure Zariya, suna ta sharar barci a sanyin eyasi har muka wuce Kwanar Dangora.

To madalla. Ni ban taɓa musun cewa ES350 da Camry 'yan gida ɗaya ba ne. Toyota ce ta ƙera su, shasinsu ɗaya, injin 2GR ɗin ma ɗaya. Amma tunda ƙarfi ake taƙama da shi, a zo a yi lissafi. ES350 ta 2008 tana da V6 mai lita 3.5, ƙarfin doki 272. Tasa kuma, Marsandi C300 ta wancan zamanin, wadda ake kira W204, V6 ce mai lita 3, doki 228. Yallaɓai ya cire wannan daga wancan ya faɗa wa majalisa abin da ya rage, in kuma lissafin ya yi nauyi, akwai kalkuleta a waya. Kuma dokin nan 228 na ranar da ta fito daga kamfani ne, ba bayan ta sha gishirin titunan Amurka, ta kwana a Kwatano, ta zo hannu na uku ba.

Sai batun AMG, wato sashen Marsandi mai ƙera motoci masu ƙarfin gaske, wanda shi ne ya fi ba ni dariya. C63 ta gaskiya a wannan jikin V8 ce mai lita 6.2, doki 451. A garin Affalterbach na Jamus ake haɗa injinta, mutum ɗaya ke haɗa inji ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan a manna ɗan allo mai sa hannunsa a kai. Duk mai irin wannan motar ba ya jin nauyin buɗe bonet, shi ne ma zai ce maka zo ka gani. AMG ɗin Ƙofar Ruwa kuwa, wato ta kasuwar kayan mota ta Kano, ka ce a buɗe bonet sai a ce makullin ya ɗan maƙale. Nata sa hannun na mai walda ne. An sayo haruffa a leda, an sayo bakin salansa huɗu, biyu na aiki biyu na ado, aka feshe kan birki da jan fenti, shi ke nan an zama Bajamushe.

Ƙarar da ake ta kuri da ita, a tambaye ni daga ina ta fito. Indomin nan da ke cikin salansa ba don ado aka sa shi ba. Shi ke tace hayaƙi, kuma a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa masu saye ke bin gareji-gareji suna nema. An fasa, an ƙwaƙule, an karɓi kuɗi, aka liƙe bututun da walda. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: na'urar da ke auna hayaƙi ta gane an yi mata sata, fitilar inji ta kama a gaban direba, mota ta dinga wari. Maganin da aka yi wa fitilar shi ne baƙin salatif. Wallahi da idona na ga salatif ɗin. Wannan ce motar da ake tayar da mutanen Gyaɗi-Gyaɗi daga barci da ita, a taka totur a kan gadar Dangi kamar za a tashi sama, sai ka iso danja ta gaba ka tarar da ita gefe da gefe da A Daidaita Sahu.

Masu son mota na gaske ma sun san ƙara daga inji take fitowa, ba daga bututu ba. Da Mercedes ta fito da sabuwar C63 a 2022 da inji mai silinda huɗu haɗe da lantarki, dokinta ya haura 600, amma masoyanta suka yi ta ƙorafi saboda rurin V8 ya tafi. Su abin da suke kuka a kai ke nan. Kai kuma me ka rasa da kake neman sa a wurin mai walda?

Kuma tun yaushe shiru ya zama abin gori a motar manya? Lokacin da Lexus LS400 ta fito a 1989, abin da ta girgiza Jamusawa da shi ke nan, inji na aiki kana tsammanin a kashe yake. Marsandin da ake taƙama da sunanta, da ta tashi yin S-Class ta 1991, W140, gilashi ruɓi biyu ta sa a tagogi don kada hayaniyar titi ta shigo. Ka tsaya a titin Ahmadu Bello ko cikin Nasarawa da yamma ka ga masu abin da gaske. Motarsu na wucewa ba ka jin komai sai ƙarar taya a kan kwalta. Ba su da lokacin tsorata almajirai.

Kar wani ya juya min magana, ni ba na zagin Marsandi. W204 kyakkyawar mota ce, ƙirarta ta zauna, ba irin motocin yanzu masu hanci kamar ƙofar gareji ba, har da sababbin Lexus ɗin, ban ware su ba. Tayar baya ke tura ta, a kwana ta fi tawa biyayya, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma motar Jamus tana son a bi ta da ƙa'idarta. Baƙin man da littafinta ya ce, ruwan lagireto na gaske, bakaniken da ya san kwamfuta. Wanda yake ɗura mata baƙin mai na awo, ya tsiyaya mata ruwan leda a lagireto, ya bari a cire mata tamostat wai don zafin Afrilu, in ta kwanta masa ba laifin Jamusawa ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma, tankin AMG ɗin Ƙofar Ruwa bai sake ganin rabi ba. Kullum na dubu biyar, kuma a sauke gilashi a ce ana son iskar Allah.

Abin da ya ƙona min rai ba motar ba ce. Mota ƙarfe ce, gobe ana iya sayar da ita. Amma kai, kai da bakinka? Wa ka kira cikin dare ranar da ta mutu maka a hanyar Hotoro, da iyalinka a ciki? Wa ya zo ya ɗauke su ya kai su gida, ya dawo ya tsaya har janwe ta zo? Ran nan ba ka ce motar 'yan fansho ba, cewa kake "Allah ya bar zumunci, Yaya." Da za a sayi famfon mai, aljihun wa aka taɓa? Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata ba ta san adadin ba, kuma yau ma ba zan faɗa ba. Ni ban iya gori ba, kai ne ka ja. Mutum ya ci arzikinka da daddare, gari ya waye ya mai da kai abin nishaɗin majalisa saboda yara su ce masa oga. Haba malam. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Masu kai masa rahoto kuma, na san kuna nan kuna karantawa, ku ɗauki hoton wannan ku tura masa da kyau, kar ku yanke ƙasan. Ku ce masa in yana son a raba gardama, ba sai an yi wasan mota a cikin gari an kashe 'ya'yan mutane ba. A cika tanki, kowa da kuɗinsa, a kunna eyasi, a kama hanyar Kaduna a je a dawo a ranar. Sharaɗi ɗaya ne, a ɓare salatif ɗin kafin a tashi, kuma duk wanda tasa ta tsaya ya nemi janwe da kansa, don wayata a kashe za ta kasance.