Jan Fitsari Ba Balaga Ba Ne

Jiya da la'asar ina dawowa daga kasuwar Daura na tarar da samari sun tuɓe suna iyo a kududdufi. Ɗaya ya tsaya tsakiyar ruwan ya yi fitsari, ya ɗago yana dariya wai nashi ya fi na kowa ja, ya zama namiji. Sauran har da tafi. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙannena, wannan jan tsargiya ce. Tsutsa ce ke fitowa daga jikin dodon koɗin da ke cikin ruwan, ta huda fatarka ba ka ko ji ba, ta bi jini ta tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Nan take zama tana shan jininka, tuwon da uwarka ta tuƙa ku raba da ita. Kuma kura ce da fatar akuya: takan lulluɓe kanta da sinadaran jikinka, sojojin garkuwar jiki su wuce ta suna zaton 'yar gida ce. Da ɗan gari akan ci gari. Sai ta shekara biyar tana zuba ƙwai, ƙwan ke yaga bangon mafitsara, jinin da kuke wa tafi ke nan. Wanda ya maƙale ya bar tabo, tabon ya kai ga ƙoda. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano ta a Alƙahira, mu har yau muna kiranta balaga.

Kai da ka yi fitsarin kuma, ƙwai ka zuba a ruwan, su ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi, bayan makonni tsutsa ta fito ta huda ƙanenka da zai shiga. Ruwa ba ya tsami banza. Annabi (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudana, amma ina kuka ji, ido na kan waya tun asuba, kuɗin data akwai, na sabulu babu. Ku dai nemi magani, akwai shi a asibiti, ku kuma kiyaye.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma nan har da wanda bai ja ba. A zamaninmu dattijo ɗaya ya yi gyaran murya a bakin kududdufi, kowa zai fito da wando a hannu, ɗan wa ne ba a tambaya. Jiya da na yi magana, wani yaro da na girmi ubanshi ya ce, "Baba, ruwanka ne?" Ya sake faɗawa ciki.